Toshe Saƙon Kuskure a Cikin Manhaja Cin Amana Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin masu rubuta manhajar kwamfuta, musamman waɗanda ke koyon sana'ar, wato toshe saƙon kuskure a cikin rubutun manhaja domin aiki ya fito tsaf a idon mai kallo. Na san wani mai karatu zai ce wannan magana ta masana fasaha ce, ba ta shafe shi ba. To amma duk wanda yake tura kuɗi ta waya, ko yake karɓar albashi ta banki, ko aka shigar da bayanan lafiyarsa cikin kwamfutar asibiti, ko yake jiran sakamakon jarrabawa, al'amuransa sun riga sun rataya a kan rubutun da wani ya yi, kuma ba shi da hanyar sanin ko marubucin ya bar wa manhajar bakin faɗin gaskiya idan abu ya lalace, ko kuwa ya ɗinke bakin tun ranar farko.

Manhaja jerin umarni ce da kwamfuta ke bi ɗaya bayan ɗaya, kuma babu umarnin da ba zai iya gazawa ba. Za a ce mata ta buɗe fayil, ta tarar ba ya nan; za a ce ta aika bayani zuwa wata kwamfuta, hanyar ta yanke a tsakiya; za a ce ta ajiye rubutu, ta tarar ma'ajiya ta cika; za a ce ta raba wani adadi, ta tarar abin da za a raba da shi sifili ne. Idan irin wannan ya faru, harshen da aka rubuta manhajar da shi yakan fitar da saƙo mai bayyana abin da ya gaza, da fayil ɗin da abin ya faru a ciki, da lambar layin da aka yi tuntuɓe. Wannan saƙo shi ne abu mafi daraja da mai gyara yake samu, domin in babu shi, neman asalin matsala a cikin dubban layuka yakan cinye kwanaki, wani lokaci ma a ƙare ba a gano ba.

Duk da haka, kusan kowane harshen kwamfuta ya bar wata kafa ta rufe wannan baki. A harshen PHP, wanda ɗimbin shafukan intanet ke tafiya a kansa, alamar @ kaɗai za ka sa a gaban umarni, saƙon ya ɓace. A Visual Basic akwai layin nan On Error Resume Next, wanda ke gaya wa kwamfuta cewa duk abin da ya gaza ta tsallake shi ta wuce gaba. A Python ana kama kowane irin kuskure da except sannan a rubuta pass a ƙarƙashinsa, ma'ana kada a yi komai. A Java da ire-irensa ana barin wurin da aka tanada don kula da kuskure fanko. Masu aiki da Linux, wato wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta, kuma sukan ƙara 2>/dev/null a ƙarshen umarni, su karkatar da duk wani ƙorafi zuwa wani rami da ba a karanta abin da aka zuba a cikinsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke ɗaukar mutum fiye da daƙiƙa kaɗan, kuma da zarar an yi, jan rubutun da ke damun ido ya tafi.

Abin da bai tafi ba shi ne kuskuren kansa. Mu ɗauki manhajar da aka ɗora wa aikin karɓar biyan kuɗi: za ta cire kuɗin daga asusun mai biya, ta rubuta shaidar biyan a rumbun bayanai, sannan ta nuna masa cewa an kammala. Idan mataki na biyu ya gaza saboda rumbun bai amsa ba, kuma marubucin ya toshe saƙon, manhajar za ta wuce zuwa mataki na uku lafiya lau, ta ce wa mutumin an karɓi kuɗinsa, alhali babu wata shaida da aka ajiye. Mutumin ya tafi da kwanciyar hankali. Sai bayan makonni, ranar da aka ce masa bai biya ba, rigima ta tashi, kuma a lokacin babu wanda zai iya cewa ga ranar da abin ya faru ko ga dalilinsa, domin shaidar da ta ga abin da idonta an hana ta magana. Wannan daidai yake da direban da fitilar gargaɗin mai ta kama a gabansa, ya liƙe ta da takarda don kada ta riƙa ɗauke masa hankali. Injin zai ci gaba da ƙonewa, sai dai ba za a sani ba har ya tsaya.

Ba zan zalunci masu wannan ɗabi'a in ce ba su da hujja ba. Suna da hujjoji, kuma biyu daga ciki masu ƙarfi ne. Ta farko ita ce tsaro. Cikakken saƙon kuskure yakan tona asirin cikin manhaja: sunayen fayiloli da inda suke zaune, sunayen jadawalin da ke cikin rumbun bayanai, sigar manhajar da ake amfani da ita, wani lokaci har da guntun umarnin da aka aika wa rumbun. Mai kutse yana farin ciki da irin wannan bayani, har ma yakan shigar da gurɓataccen rubutu da gangan domin ya ga abin da manhajar za ta furta. Hujja ta biyu ita ce mai amfani da shafi ba masani ba ne, kuma layuka talatin na baƙin Turanci ba za su amfane shi da komai ba illa su tsorata shi, su sa ya yanke ƙauna daga shafin. Na yarda da waɗannan duka, kuma ina ganin kuskure ne babba a bar shafin da jama'a ke shiga yana zubar da cikinsa a gaban kowa.

Sai dai abin da waɗannan hujjoji suka tabbatar shi ne kada a nuna wa baƙo cikakken saƙon. Ba su tabbatar da cewa a hallaka saƙon ba. Kowane kuskure yana da masu sauraro iri biyu, kuma bukatunsu sun bambanta. Mai amfani yana bukatar a gaya masa, cikin harshen da yake ji, cewa abin da ya nema bai yiwu ba, kuɗinsa ba su fita ba ko sun fita, ga abin da zai yi yanzu, ga kuma wata lamba da zai faɗa idan ya kira neman taimako. Mai kula da manhaja kuwa yana bukatar komai da komai, da lokaci, da layi, da abin da aka shigar, a rubuce cikin kundin rahoto wanda baƙo ba ya gani. Harshen PHP kansa ya raba waɗannan biyu a cikin saitinsa: akwai display_errors da ke kula da nunawa a allo, akwai log_errors da ke kula da rubutawa a kundi, kuma shawarar da aka daɗe ana bayarwa ita ce a kashe na farko a shafin da ya fita ga jama'a, a bar na biyu a kunne. Jerin raunukan manhaja da cibiyar MITRE ta Amurka ke tattarawa ya lissafa abubuwan biyu a matsayin aibi: fallasa bayanan sirri ta hanyar saƙon kuskure yana da lamba 209, gano kuskure a ƙi yin komai a kai yana da lamba 390. Wanda ya guje wa na farko ta hanyar aikata na biyu bai tsira ba.

Domin kada a ɗauka ra'ayi ne kawai nake faɗa, akwai binciken da Ding Yuan da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto suka gabatar a 2014. Sun ɗauki rahotanni 198 na gazawar da ta auku a manyan manhajoji biyar da kamfanoni ke ajiye bayanai da sarrafa su a kai, wato Cassandra da HBase da HDFS da MapReduce da Redis, suka bi kowanne har tushensa. A cikin waɗanda suka kai matsayin bala'i, irin wanda ke durƙusar da tsarin gaba ɗaya ko ya salwantar da bayanai, sun tarar kashi 92 cikin ɗari sun samo asali ne daga rashin kula yadda ya kamata da wani kuskure wanda a kan kansa ba mai kisa ba ne, kuma manhajar ta riga ta sanar da shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kashi 35 cikin ɗari na waɗannan bala'o'i sun fito ne daga sakaci irin wanda ɗalibi ma zai gane: an bar wurin kula da kuskuren fanko ko an rubuta layi ɗaya a kundi an wuce, ko an kama kowane irin kuskure da hannu ɗaya an kashe tsarin duka, ko kuma marubucin ya bar wa kansa 'yar tunatarwa cewa zai dawo ya gyara, bai dawo ba. Waɗannan manhajoji ƙwararru ne suka rubuta su, kuma idanu da yawa sun bi ta kansu. Idan haka ta faru a wurinsu, ina ga aikin da mutum ɗaya ya yi cikin gaggawa ba tare da wani ya duba ba?

Shirun kwamfuta yana da fuskoki da yawa, kuma ba kullum yake zuwa ta hanyar alamar da aka sa da gangan ba. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab, wanda masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu a wurinsa, ya goge bayanai kimanin gigabait 300 daga babban rumbun kamfanin bisa kuskure, yana zaton yana kan rumbu na biyu. Irin wannan na iya faruwa ga kowa, shi ya sa ake ajiye kwafi. Da aka je ɗauko kwafin sai aka tarar babu shi. Aikin da ke ɗaukar kwafin ya daɗe yana gazawa, saboda sigar kayan aikin ba ta dace da sigar rumbun ba, kuma saƙonnin imel da ke sanar da gazawar ana mayar da su baya tun kafin su isa akwatin kowa. Kowa yana zaune da yaƙinin cewa akwai kwafi, domin babu wanda ya ji akasin haka. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin abin ya faru, kuma abin da aka yi cikin waɗannan sa'o'i shida ya tafi. Kamfanin ya cancanci yabo domin shi da kansa ya wallafa yadda abin ya kasance dalla-dalla, kuma daga bayaninsa ne muka koyi cewa saƙon da aka aika bai isa ba daidai yake da wanda ba a aika ba.

A Ingila, lokacin annobar korona, sakamakon gwaji 15,841 na mutanen da suka kamu ya faɗi daga lissafin hukuma tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, 2020. Dalili shi ne ana zuba sakamakon cikin tsohon tsarin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layuka 65,536, kuma da fayil ya cika sai ragowar su zube ba tare da wani ya lura ba. Ma'anar wannan ita ce an yi kwanaki ba a nemi mutanen da suka yi cuɗanya da waɗannan majinyata ba. Haka kuma ranar 14 ga Agusta, 2003, tsarin ƙararrawa na ɗakin kula da wutar lantarki na kamfanin FirstEnergy a jihar Ohayo ya sandare saboda wata tangarda a manhaja, kuma bai sanar da cewa ya sandare ba. Fiye da sa'a ɗaya ma'aikata suna kallon allo mai shiru suna zaton lafiya, alhali manyan wayoyi suna taɓa bishiyoyi suna katsewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin rana ta faɗi mutane kimanin miliyan 50 a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontariyo na Kanada sun rasa wuta. A duk waɗannan, mutanen da ke bakin aiki sun fassara shiru da cewa komai daidai, kuma ba su da laifi a wannan fassara, domin haka aka gina na'urar ta koya musu.

Akwai hujja ta uku da masu toshe saƙo ke kawowa, ita ce yawan surutu. Sukan ce manhajar tana fitar da gargaɗi ɗari a minti ɗaya, yawancinsu marasa amfani, har mutum ba ya iya ganin na gaske a tsakaninsu. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma haɗarinsa bai gaza na shiru ba. Na'urar Therac-25 da ake ƙona cutar daji da ita ta zuba wa majinyata aƙalla shida hasken radiyeshon mai yawan gaske a Amurka da Kanada tsakanin 1985 da 1987, wasunsu suka mutu. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka wallafa a 1993 ya nuna cewa na'urar takan tsaya a kai a kai ta nuna kalmar tangarda da wata lamba kawai, littafin da aka ba ma'aikata bai fassara lambobin ba, kuma danna maɓalli ɗaya ya isa a ci gaba. Ma'aikata sun saba da wannan har ya zama musu jiki. A garin Tyler na jihar Texas a 1986, na'urar ta nuna lamba 54, allon kuma ya nuna kamar hasken da ya fita kaɗan ne, sai ma'aikaciyar ta danna maɓallin ci gaba kamar yadda ta saba, alhali majinyacin ya riga ya sha abin da ya ninka ƙa'ida sau da yawa. Shekaru bayan haka, ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45, saboda an sabunta manhaja a manyan kwamfutocinsa bakwai an manta ta takwas. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta gano cewa tsarin ya aika saƙonnin imel 97 masu nuni ga matsalar tun kafin a buɗe kasuwa a safiyar, amma ba a tsara su a matsayin ƙararrawa ba, kuma babu wanda ya ɗauki mataki.

Abin da nake ɗauka daga waɗannan shi ne saƙon da ba a fahimta, da saƙon da ya nutse cikin dubu irinsa, duk toshewa ce ta wata hanya. Maganin surutu kuwa aiki ne mai gajiyarwa wanda babu gajeriyar hanya a cikinsa: a bi gargaɗin ɗaya bayan ɗaya, wanda yake nuna aibi na gaske a gyara aibin, wanda ba shi da ma'ana a cire dalilinsa, sannan a jera sauran bisa nauyinsu, ta yadda abin da zai iya jira zai kwanta a kundi, abin da ba zai iya jira ba kuma ya tayar da mutum daga barci. Wanda ya kashe dukkan gargaɗi domin ya huta da marasa amfani ya kashe har da ɗaya tilo da zai cece shi.

Kada kuma a fahimce ni da cewa ina kira ga manhaja ta faɗi matacciya duk lokacin da ta ci karo da ƙaramar matsala. Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta na farko daga Kourou a Guyana ta Faransa. Wani adadi mai bit 64 ne (bit shi ne ma'aunin gurbin da adadi ke ci a kwamfuta) aka yi ƙoƙarin cusawa a mazubi mai bit 16, bai shiga ba, kuma an tsara kwamfutar da ke auna matsayin rokar ta kashe kanta idan ta gamu da irin wannan. Ta biyun da aka ajiye don ko-ta-kwana tana ɗauke da manhaja iri ɗaya, don haka ita ma ta mutu a kan dalili ɗaya. Bayanin gazawar da aka fitar kuma sai babbar kwamfutar ta karanta shi a matsayin bayanin tafiya, ta karkatar da rokar. Abin takaici shi ne lissafin da ya jawo duk wannan gado ne daga Ariane 4, rokar da ta gabace ta, kuma ba shi da wani amfani bayan roka ta bar ƙasa. A nan tsayawa ce ta yi kisa. Saboda haka tambayar da ke gaban marubucin manhaja a kowane wuri ita ce: idan wannan ya gaza, mene ne mataki mafi aminci, kuma wa ya kamata ya sani? Wani wuri amsar ita ce a sake gwadawa, wani wuri a koma ga hanya ta biyu, wani wuri a janye duk abin da aka fara domin kada a bar aiki rabi da rabi, wani wuri kuma a tsaya cak. Babu wurin da amsar take zama a yi kamar ba a gani ba.

Misalin da nake so kowane ɗalibin wannan fanni ya sani shi ne na saukar Apollo 11 a duniyar wata ranar 20 ga Yuli, 1969. Ana cikin sauka, kwamfutar jirgin ta fara fitar da ƙararrawa mai lamba 1202, daga baya 1201, domin ayyuka sun yi mata yawa. Manhajar, wadda ƙungiyar su Margaret Hamilton ta rubuta a MIT, wata jami'ar fasaha a Amurka, ba ta ɓoye halin da take ciki ba, ba ta kuma mutu ba. Ta zubar da ayyuka marasa muhimmanci, ta riƙe waɗanda saukar ta dogara a kansu, sannan ta gaya wa 'yan sama jannatin da ke cikin jirgin, Neil Armstrong da Buzz Aldrin, cewa ga abin da ke faruwa. A Houston kuma, cibiyar da ke kula da tafiyar daga ƙasa, akwai Jack Garman, wanda ya riga ya rubuta jerin lambobin ƙararrawa da ma'anar kowacce a takarda, shi da Steve Bales suka ce a ci gaba. An ci gaba, amma bisa sani, kuma mutanen da alhakin ya rataya a wuyansu ne suka yanke shawarar.

To shin akwai inda ya halatta a yi shiru? Akwai, kuma duk mai gaskiya a sana'ar zai amsa haka. Idan manhaja tana son goge wani fayil na wucin gadi ta tarar an riga an goge shi, bukata ta biya, babu abin da za a kai rahoto. Hasali ma gwadawa a kama kuskuren ya fi a fara dubawa ko fayil ɗin yana nan, domin tsakanin dubawa da gogewa wani aikin na iya riga ka. Amma wannan shiru yana da sharuɗɗa. Dole ya kasance kuskure ɗaya ne da aka ambata da sunansa, wato rashin samun fayil, ta yadda idan matsalar ta zama rashin izini ko lalacewar ma'ajiya za ta fito fili. Dole ya kewaye umarni ɗaya, kada ya lulluɓe shafi guda na rubutu. Dole kuma marubucin ya bar bayani a gefen layin cewa ya san da wannan kuskure, ga dalilin da ya sa ba shi da illa, domin wanda zai gaje shi bayan shekara uku ya bambanta shawara da kasala. Ƙa'idojin da Tim Peters ya rubuta wa masu Python a 1999 sun faɗi haka a layi biyu, cewa kada kuskure ya wuce shiru, sai fa idan da gangan aka yi masa shirun a bayyane.

Su kansu masu ƙera harsunan kwamfuta sun karkata zuwa wannan ra'ayi bayan sun ga abin da sassauci ya haifar. Kafin sigar PHP 8.0 da ta fito a Nuwamba 2020, alamar @ tana iya haɗiye har kuskuren da ke kashe shafi gaba ɗaya, mutum ya ga farin allo babu ko kalma. Daga wannan siga aka hana ta yin haka. Rumbun bayanai na MySQL ya daɗe yana datse rubutun da ya fi ƙarfin gurbinsa ya ajiye guntun da gargaɗi kawai, har sai da siga ta 5.7 ta mayar da tsauraran ƙa'idoji su zama na asali, aka koma ƙin karɓa. Harshen Go yana miƙa wa marubuci kuskure a hannu tare da sakamako, ta yadda in zai ɗauki sakamakon ya yar da kuskuren sai ya rubuta alamar yarwar kowa ya gani, Rust kuma yana yi masa gargaɗi idan ya karɓi sakamakon da ka iya zama gazawa bai duba ba.

Malam Edita, ba matasan da ke rubutun kaɗai nake ɗora wa alhaki ba. Malamin da ke duba aikin ɗalibi ta hanyar kallon ko ya tafi ba tare da jan rubutu ba, shi ne ya koya masa cewa ɓacewar saƙo ita ce nasara. Ina roƙon masu koyarwa su riƙa cire wayar intanet a tsakiyar gwaji, su ba manhajar gurɓataccen fayil, su cika mata ma'ajiya, sannan su ba da maki a kan abin da ta faɗa da abin da ta yi a wannan hali. Su kuma koya wa ɗalibai karanta saƙon kuskure tun daga makon farko, domin da yawa suna rufe shi ne saboda tsoron Turancinsa, alhali sau da yawa amsar tana cikin layin farko ko na ƙarshe. Haka shugaban aiki da ke matsa wa ma'aikaci cewa gobe za a nuna wa mai kwangila, kada a ga wani ja a allo, ya sani cewa umarnin rufa-rufa ya bayar, ko da bai furta kalmar ba. Ran gini ran zane: kula da kuskure ba ado ba ne da za a liƙa bayan an gama, kuma binciken Toronto ya nuna mana makomar alkawarin dawowa a gyara.

Masu sayen manhaja, ko kamfani ne ko makaranta ko asibiti ko ma'aikatar gwamnati, suna da iko fiye da yadda suke zato, kuma ba sai sun iya rubutun kwamfuta ba. Kafin su sa hannu a kan takardar karɓar aiki, su tambayi mai kwangila inda ake rubuta kurakurai, su ce a buɗe kundin su gani da idonsu. Su tambayi sunan ma'aikacin da saƙo ke isa gare shi idan abu ya gaza da tsakar dare, da ranar ƙarshe da aka jawo gazawa da gangan domin a tabbatar saƙon yana isa. Su tambayi yaushe aka taɓa ɗauko kwafin ajiya aka mayar da shi aka ga yana aiki. Kundin da aka buɗe aka tarar babu komai a cikinsa bayan watanni ana aiki abin tuhuma ne, domin babu tsarin da ke hulɗa da intanet da dubban mutane da zai yi watanni bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Roƙona na ƙarshe gare ku ne 'yan jarida. Sau da yawa idan kuɗin mutane suka maƙale, ko sunaye suka ɓace daga rajista, ko sakamako ya fito a birkice, sanarwar da ake ba ku ita ce an samu tangardar na'ura, ku kuma ku buga haka a wuce wurin. Ina roƙon wakilanku su riƙa ƙara tambaya uku a kan wannan amsa: yaushe na'urar ta fara sanar da matsalar, wa sanarwar ta isa gare shi, kuma idan ba ta sanar ba, wa ya yanke shawarar cewa kada ta sanar.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Wassalam,
Naka, mai karatu kuma mai rubuta manhaja.